Ciwon Mailafiya

Wanda ya san Mailafiya yanzu, da tumbinsa da dariyar nan tasa da ake jiyowa tun daga bakin layi, ba zai yarda an taɓa yin lokacin da rabin Nuzla ke roƙa masa cikawa da imani ba. Ni na ga lokacin da idona. Sunana Majid, ni ne direban da ke jigilar kwalaben jini tsakanin rassan asibitin da yake aiki. A Nuzla, unguwarmu ta Hausawan Jidda, aka haife ni, a nan aka haifi ubana, kakana ne ya tako daga ƙasar Hausa ya zo aikin Hajji bai koma ba. Har gobe in an tayar da zancen, Mailafiya cewa yake Hausarmu ce ta lalace, ni kuwa ina nan a kan bakana cewa kunnensa ne ya zo da matsala.

Mutumin Azare ne, ma'aikacin ɗakin gwajin jini. Wani asibitin kuɗi a unguwar Safa ya ɗauko shi kwantiragi, aka ba shi ɗaki a can saman wani bene a unguwar Waziriyya, benen da ba shi da lifta. Matarsa Khadijatu da yara suna gida, sai ya zauna da gindinsa tukun ya nema musu biza. Wajen aiki ba a taɓa kuka da shi ba. Abin da ya rasa mutane ne. A Azare majalisa a ƙofar gidansa take, kuma ya rantse mini tun da aka yaye shi bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. A Jidda kuwa kowa daga mota sai gida, ƙofa a rufe, na'urar sanyi na gurnani. Ya je gaida maƙwabcinsa na ƙasa, mutumin ya leƙo ya tambaye shi ko ruwa ne ke yoyo, da ya ji ba ruwa ba ne ya yi godiya ya rufe. Makon da ya sauka ya sayi kofunan shayi kwali guda saboda baƙi, suka zauna a kwalinsu ko ledar ba a yaga ba. A tsaye yake cin abinci a kicin, wai in ya zauna ya fi jin babu kowa. Ya kuma ɗaura wa kansa alkawari cewa in ya ga haka rayuwar za ta ci gaba, ba mai sa hannu a kwanonsa, zai ajiye musu aikinsu ya koma Azare.

To ga inda aka samu tangarɗa. A garin nan in ka ga mutum yana aiki, ko ya gama, ko ya miƙo maka wani abu, Larabawa cewa suke ya'aɗikal afiya. Sannu da aiki ke nan, ba wani abu ba. Mu 'yan Nuzla tun zamanin kakanni muka juye ta Hausa yadda take, muke cewa Allah ya ba ka lafiya. Ashe a wajen mutanen Najeriya ba a faɗa wa mutum haka sai an same shi kwance yana nishi. Wa ya sani? Mu dai ba wanda ya aiko mana da sanarwa.

Ranar da na fara ganinsa ya fito da akwatin ƙanƙara na kwalaben jini yana waya da Hausa. Daɗi ya kama ni, na karɓi akwatin na ce masa, "Allah ya ba ka lafiya, ya duktur." Mu duk mai farar riga duktur ne. Ya yi turus, ya ce amin a hankali, na hango shi ta madubi yana taɓa wuyansa da bayan hannu.

Da ni kaɗai ne da ya manta. Sai ga Razan, yarinyar da ke karɓar marasa lafiya a bakin ƙofa. Jikar Hausawa ce, tana jin Hausa sarai amma bakinta ba ya juya ta, jimla ɗaya tak take iya haɗawa daga farko har ƙarshe, kuma wannan ce. Kullum in zai tashi daga aiki sai ta yamutsa fuska saboda wahalar laluben kalmomin, ta ce masa Allah ya ba shi lafiya, shi kuma ya ɗauka tausayi ne ya yamutsa mata fuska. Wata Juma'a ya shigo Nuzla neman Hausawa, ya tarar da motar wasu ta mace a tsakiyar titi, ya sa hannu aka tura. Motar na tashi mutum huɗu suka leƙo ta taga suka haɗa baki suka yi masa addu'ar. Mutanen da bai taɓa gani ba! Bai ƙara minti ɗaya a unguwar ba, ya tari tasi ya koma ɗakinsa.

Mutum da na'ura a gabansa, me kuke tsammani zai yi? Ya ɗebi jinin kansa ya gwada. Ƙalau. Ya sake gwadawa, ya duba hanta, ya duba ƙoda, ya duba sukari, komai ƙalau. Wani da sai ya yi hamdala, shi kuwa a nan hankalinsa ya tashi gaba ɗaya. Wane irin ciwo ne direba ke gani, 'yar bakin ƙofa ke gani, masu matacciyar mota ke gani, amma na'urar da aka sayo daga Turai ba ta gani? Ya koma tsayawa gaban madubi yana jan fatar idonsa. Abinci ya fita ransa, wando ya fara sauka, kuma da muka ga yana ramewa sai muka ƙara yawan addu'ar da kyakkyawar niyya.

Wata rana motar ma'aikata ta bar shi, na rage masa hanya. Mun yi nisa sai ya juyo.

"Malam Majid, don girman Allah, wa ya gaya maka?"

"Gaya mini esh? Me aka gaya mini?"

"Abin da ke jikina."

"Me ke jikinka, ya duktur?"

"Haba, kar ka ɓoye mini. Kai ka sani, kowa ya sani. Na yi tes iri-iri, mashin ma ya kasa kama shi."

Saura kaɗan in shige ƙarƙashin wata tirela. Mutumin da aikinsa ke nan, yana gaya mini da bakinsa cewa ciwonsa ya fi ƙarfin na'ura. Ban ƙara tambaya ba, domin a tarbiyyarmu ba a tambayar mutum sunan ciwonsa. Na sauke shi, na riƙe hannunsa na ce Allah ya ba shi lafiya, wannan karon irin tasu ta Najeriya, ya gyaɗa kai kamar wanda aka tabbatar wa hukunci.

Kai tsaye na wuce wajen Khala Zakiya, ƙanwar mahaifiyata. A layinmu ba a suna, ba a biki, ba a zaman makoki sai da ita da tukwanenta, kuma ba ta iya magana a hankali ba ko a masallaci. Ban gama ba ta labari ba ta miƙe.

"Baƙo, ba uwa ba mata, yana mutuwa shi kaɗai a Waziriyya, kai kuma kana nan kana tuƙa sayyara? Aib alaik, ya Majid! Yalla, sauko mini da babbar tukunya."

Ranar Alhamis bayan la'asar muka cika mota biyu. Khala, da mijinta Ammi Hamad tsohon tela, da Mazen mai tsire, da wasu dattawan layi. Mailafiya ya buɗe ƙofa ya ga jama'a har matakala, ƙafafunsa suka saki. Muka ce ka gani, ko tsayuwa ba ya iyawa, aka kwantar da shi a doguwar kujera aka lulluɓe da bargo, a Jidda, a tsakiyar zafi.

Mu kuma in da gaske mutum ba shi da lafiya ba ma cewa Allah ya ba ka lafiya. Salamtak muke cewa. Haka kowa ya matso ya kama hannunsa, salamtak, salamtak, alf salama. Ina ganin idonsa yana ƙara girma. Ya yafito ni, ya raɗa mini, "Yau ko mutum ɗaya bai roƙa mini lafiya ba. Sallama kawai ake ta yi mini. An sallama ni ke nan?" Ni a tunanina tawakkali ne ke magana, na ce masa dukkanmu na Allah ne. Sai ya fara wasiyya. Ba shi da komai a garin sai kwalin kofuna, ya ce a raba wa jama'a. Khala ta ce ba a rabon gado da rai, ta yaga ledar ta wanke su ta zuba shayi.

Aka juye salik a babban faranti, shinkafar nan da muke dafawa da madara har ta yi laushi, aka taso shi aka jingina da matashi. Maza muka kewaye. Mailafiya ya dubi hannuwan da ke cikin farantin, ya fashe da kuka, yana kuka yana loma, har ya nemi ƙari. Ammi Hamad ya ce alama ce mai kyau. Wani dattijo ya ce ko kuwa cin bankwana ne, Khala ta kore shi waje.

Daga nan Alhamis ta zama ta dubiyar Mailafiya. Tun da ba mai tambaya, kowa ya yanke wa ciwon sunan da ya ga dama. Mazen ya ce hanta ce, limamin layi ya ce zuciya, wata tsohuwa da ba ta taɓa ganinsa ba ta aiko cewa aljanun Waziriyya ne, ta san su. Aka tara masa zuma da habbatus sauda da ruwan Zamzam, aka kawo mai ƙaho ya tsattsaga masa baya. Khala ta hana shi yaji da jan nama, mutumin da a Azare ko kunu sai ya ji kamar ya barbaɗa masa barkono. Ran Alhamis a sallama shi, ran Lahadi in ya koma aiki Razan ta ci gaba da roƙa masa lafiya, sai ya fahimci ciwon hawa da sauka yake yi. A haka dai ya murmure, kumatu suka fito, har wasu suka fara zuwa daga wata unguwa don su ga mai mutuwar da ke ƙiba.

Asirin ya tonu ne a kan tukunya. Wata Alhamis na hauro da ita ina haki, na dire a tsakar ɗaki, Khala ta ce, "Allah ya ba ka lafiya, ya waladi." Mailafiya ya yi wuf ya cafke hannuna, ya ja ni waje har matakala.

"Kai ma? Innalillahi! Ni na shafa maka. Gobe da sassafe ka zo in ɗebi jininka."

"Jinina kuma? Lafiyata lau."

"Ba ka ji abin da Khala ta ce maka ba?"

"Sannu ta yi mini. Tukunya na ɗauko."

"Sannu?"

"Ya'ani sannu da aiki. Haka muke cewa."

Ya dube ni, na dube shi. Ya tambaye ni ranar farko da na faɗa masa me nake nufi, na ce akwati ya miƙo mini. Razan fa? Tashi daga aiki. Masu motar Nuzla? Ai tura musu ya yi. Salamtak ɗin fa? Na fassara masa. Dariya ta ci ƙarfina har na zauna a kan matakala ina riƙe ciki, ina cewa bari in shiga in ba su labari. Sai na ga shi ba dariya yake ba. Daga cikin ɗakin ana jiyo ƙarar cokali a kofi da muryar Mazen yana gardamar ƙwallo.

"Kar ka gaya musu, Majid. In na warke wa zai zo? Wallahi ranar da suka daina hawa benen nan, ranar zan nemi tikiti."

Raina ya ɓaci, domin mutanena ne, kuma tsofaffi ne. Amma tausayinsa ya fi ɓacin ran yawa, na rufa masa asiri. Muka koma ciki ya shige bargonsa.

Ban taɓa ganin wanda bai iya ƙaryar ciwo ba kamar Mailafiya. Da can da yake tsoro da gaske ba ya buƙatar komai, yanzu kuwa sai ya ƙirƙiro tari, wani irin tari mai kama da kukan akuya, kuma in hira ta yi daɗi sai ya manta da shi har sai na harare shi. Ya ɓoye yaji a kwalbar magani. In kwaɗayin nama ya taso masa ba ya iya zuwa wajen Mazen, sai ya sa takunkumi ya tafi wata unguwa mai nisa ya ci a ɓoye kamar ɓarawo. In aka ce ya ji sauƙi sai ya ce to, da sauƙi dai, amma jiya ya ɗan motsa.

Duk cikin masu zuwa ba wanda ya kai Ammi Hamad naci. Gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya, ƙirjinsa ma haka, a kowane hawa sai ya tsaya ya huta. Khala ta ce ya zauna a gida ya ƙi, wai ubansa ya ba shi labarin yadda ya kwanta ciwo a garin nan yana baƙo ba wanda ya leƙo shi, shi kuwa ba za a yi haka yana raye ba. In ya iso sai ya zauna kusa da kan Mailafiya ya kama hannunsa ya yi ta addu'a, Mailafiya yana kallon silin.

Ranar da abin ya ƙare, mun zauna har shayi ya huce Ammi bai ƙaraso ba. Muka sauka muka same shi zaune a hawa na tsakiya, muka tallafo shi zuwa ɗaki. Numfashinsa sama-sama, leɓɓansa sun canza launi, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya kama su. Duk da haka abin da ya fara fita bakinsa shi ne, "Salamtak, ya waladi. Yaya jikin?"

Mailafiya ya dube shi sau ɗaya ya yi jifa da bargo.

"Lafiyata ƙalau! Ban taɓa ciwo ba, Hausarku ce ban gane ba, da na gane kuma na yi muku ƙarya. Wannan ne mara lafiya. Majid, tayar da mota!"

Ya durƙusa ya goya tsohon ya yi ƙasa da shi da gudu. Maƙwabcin nan mai tambayar yoyon ruwa ya buɗe ƙofa daidai lokacin, ya ga mutumin da aka ce yana gargara yana tsallake matakala da dattijo a bayansa, ya ɗaga hannu yana kabbara. Har yau a benen akwai masu cewa zumar Khala ce.

An riƙe Ammi a asibiti 'yan kwanaki, aka ce zuciya ce, kuma an kawo shi a kan kari. Khala ba ta yi wa Mailafiya faɗa ba. A farfajiyar asibitin ya matso zai ba ta haƙuri, ta ɗaga masa hannu ta ce, "Halas," wato magana ta ƙare. Washegari ta aike ni na ɗauko mata tukunyarta da farantinta daga ɗakinsa. Shirun Khala ya fi faɗanta ban tsoro, ni kaina ban san me ta yanke ba.

Alhamis ta zagayo. Ya share ɗaki, ya jera kofuna, ya dafa shayi, ya buɗe ƙofa ya bar ta a buɗe. La'asar ta wuce ba motsi a matakala. Da rana ta yi sanyi ya zubar da shayin, ya sauko da akwatinsa daga kan kabad ya fara ninke kaya. Yana cikin haka na iso ƙasan benen na danna hon. Ya leƙo ta taga, na ce ya sauko. Ya sauko ba takalmi, ya ga Khala a kujerar baya da tukunya a gefenta.

"Kai ne mai lafiyar?" in ji ta.

"Ni ne, Khala. Ki yafe mini."

"To mai lafiya ba a hawa masa bene, shi yake zuwa. Kana zaune kana jiran tsofaffi su hauro maka? Wallahi ba ka da kunya. Je ka sa takalmi ka zo ka riƙe tukunyar nan, kuma in ta zube, a kanka."

Haka ya rungume tukunyar a cinya har Nuzla, da zafinta. An sallamo Ammi, yana kwance a falo, jama'ar Alhamis duk suna nan. Mailafiya ya shigo da tukunya ya dire. Tsohon ya ɗago kai ya ce, "Allah ya ba ka lafiya."

Ya ɗan dube ni, sannan ya durƙusa ya kama hannunsa. "Salamtak, Ammi."

Aka juye abinci. Ba wanda ya ba shi matashi, ba wanda ya zaɓar masa tsoka. Limamin ya ce ya matsa, nan wajensa ne. Mazen ya doke masa hannu a kan cinyar kaza. Aka aike shi ɗauko ruwa, aka sake aikensa, aka yi ta kwaikwayon tarinsa har Ammi ya yi dariyar da ta sa Khala ta yi wa kowa tsawa. Ban taɓa ganin mutum yana jin daɗin wulaƙanci haka ba. Da aka zo shayi kofuna suka kasa, wasu suka jira wasu.

Bayan magariba na mayar da shi Waziriyya, ya ce in jira shi kaɗan. Sai ga shi yana saukowa da akwatin nan, na ce ina kuma za shi. Ya ɗora shi a kujerar baya a hankali, na ji abu yana ƙara a ciki. Ya zazzage kayan sawan a kan gado, ya jera kofunan a ciki.

"Na gidan Khala sun yi kaɗan," in ji shi. "Ka tuƙa a hankali kar su fashe."